Tsara fitar rukuni a kayak bisa teku

Kayak na teku kwale-kwale ne siriri mai rufaffen sama, wanda mutum ɗaya ko biyu ke zama a ciki suna tuƙawa da filafili mai baki biyu. Tsawon na mutum ɗaya yakan kai mita 5 ko ya ɗan haura, faɗinsa kuwa ba kasafai yake wuce santimita 60 ba. Tsara fitar rukuni a irin wannan kwale-kwale yana nufin zaɓen rana, da sa'a, da wurin shiga ruwa, da wurin fitowa, ta yadda kowa zai koma gida lafiya. A gaɓar da teku ke cika tana janyewa, jagora ba ya sa lokacin tashi bisa son ransa. Yakan duba jadawalin cika da janyewar ruwa tukuna, sannan ya gaya wa mutane ƙarfe nawa za a haɗu, ko da hakan ya faɗo da asuba.

Asalin kwale-kwalen

Mutanen yankin ƙanƙara na arewacin duniya ne suka ƙirƙiro kayak, wato Inuwit na Girinlan da arewacin Kanada, da Yufik, da mutanen tsibiran Aliyut da ke yamma da Alaska. Ana kyautata zaton ya kai shekara 4,000 ana amfani da shi, ko da yake fata da itace ba sa daɗewa a ƙasa, don haka shaidar da ta rage kaɗan ce. Sukan haɗa ƙashin jirgin da itacen da teku ta koro ko da ƙashin katon kifin nan da ake kira whale, su lulluɓe shi da fatar wata dabbar teku da ake kira sil. Maza ke haɗa ƙashin, mata ke ɗinka fatar da ɗinkin da ruwa ba ya ratsawa. Kowane kwale-kwale gwargwadon jikin mai shi ake auna shi, da tsawon hannunsa da faɗin ƙugunsa. Abin farauta ne da neman abinci, kuma mafarautan Girinlan sun ƙware da dabarun tayar da shi idan ya kife ba tare da sun fita daga ciki ba, domin a wancan ruwa mai sanyi fita na nufin mutuwa.

A Turai, John MacGregor ne ya mai da shi abin yawon buɗe ido, bayan tafiyar da ya yi a kogunan nahiyar a 1865 cikin kwale-kwalen da ya raɗa wa suna Rob Roy. Gino Watkins, ɗan Birtaniya, ya koyi tuƙi da tayarwa a hannun mutanen gabashin Girinlan a tafiyarsa ta 1930 zuwa 1931. Can ya rasu a 1932 yana farauta shi kaɗai. An tsinci kwale-kwalensa, shi kuwa ba a gan shi ba.

Siffar kayak na teku da aka fi sani a yau tana da alaƙa da wani ɗalibi daga Sikotilan, Ken Taylor, wanda ya zauna a ƙauyen Illorsuit na yammacin Girinlan a 1959, ya dawo da kwale-kwalen da aka ƙera masa a can. Daga awonsa aka fitar da samfurin Anas Acuta, wanda kamfanin Valley na Frank Goodman ya riƙa ƙerawa tun farkon shekarun 1970. Goodman ya fito da samfurin Nordkapp domin tafiyar da aka yi a gaɓar Nowe a 1975, mai ɗakunan ajiya da ruwa ba ya shiga. A 1976 Derek Hutchinson da abokan tafiyarsa suka ƙetare Tekun Arewa daga Ingila zuwa Beljiyam. A 1977 Goodman da wasu mutum uku suka zagaya Kef Hon a ƙarshen Kudancin Amurka. Paul Caffyn na Niyuzilan ya zagaye Ostareliya tsakanin 1981 da 1982, tafiyar kimanin kilomita 15,000. Yawancin ƙa'idojin jagorancin rukuni da ake koyarwa yanzu daga wannan zamani suka samo tushe.

Cika da janyewar teku

Jan wata da na rana ne ke sa teku cika da janyewa. Tasirin rana bai kai rabin na wata ba, saboda nisanta. A mafi yawan gaɓoɓi teku kan cika sau biyu ta janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, wato tsakanin cika da cika akwai kimanin awa 12 da minti 25. Shi ya sa lokacin cikar gobe ke jinkirta da kusan minti 50 a kan na yau, kuma tsarin da ya yi daidai wannan Asabar ba zai yi daidai Asabar mai zuwa ba. Akwai wuraren da ke samun cika ɗaya kawai a rana, kamar wasu sassan Mashigin Meziko.

Idan wata ya ɓuya, ko ya kai daren sha huɗu, shi da rana da duniya suna kan layi ɗaya, sai jan ya haɗu. Kwana ɗaya ko biyu bayan haka akan sami babbar cika: ruwa ya hau sosai, ya kuma janye sosai. Mako guda bayanta sai ƙaramar cika, inda bambancin hawa da sauka yake kaɗan, gudun ruwa ma ya yi sauƙi. Girman bambancin ya danganta da siffar gaɓa. A Mashigin Fandi na Kanada yakan kai mita 16, a mashigin Biristol na Birtaniya ya haura mita 12, a yawancin Bahar Rum kuwa bai kai mita ɗaya ba.

Sanin alaƙar wata da teku ya daɗe. Malamin coci Bede na Ingila ya rubuta a wajen shekarar 725 cewa lokacin cika ya bambanta daga gaɓa zuwa gaɓa. Abu Ma'ashar al-Balkhi ya yi dogon bayani a kai a ƙarni na 9, kuma aikinsa ya shiga Turai ta hanyar fassarar Latin. Ana cewa jadawalin cika mafi daɗewa shi ne wanda aka yi wa kogin Ciyantan na Sin a wajen 1056. Isaac Newton ya bayyana sababin a 1687, Laplace ya ƙara da yadda ruwan ke motsi a cikin tekuna a shekarun 1770. William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lod Kelbin, ya ƙera na'urar hasashen cika ta farko a farkon shekarun 1870, mai aiki da ƙafafu masu juyawa da zaren waya, kuma an ci gaba da amfani da ire-irenta har zuwa shekarun 1960 da kwamfuta ta karɓi aikin.

Jadawalin yau hasashe ne bisa motsin wata da rana kawai, bai san iskar ranar ba. Iska mai kaɗowa daga teku na iya tara ruwa a gaɓa, kuma faɗuwar nauyin iska da miliba ɗaya, wato awon da ake auna nauyin iska da shi, kan ɗaga teku da kusan santimita ɗaya.

Lissafin jagora

Jadawali yana ba da lokaci da tsawon ruwa na manyan tashoshin jiragen ruwa. Ƙananan wurare sai an ƙara ko an rage mintoci bisa tashar da ta fi kusa. Wasu jadawalai ba sa la'akari da sauyin agogon bazara, wato tura agogo gaba da awa ɗaya da wasu ƙasashe ke yi, kuma wannan kuskuren awa ɗaya ya sha barin mutane a kan laka.

Ruwa ba ya hawa daidai-wa-daida. Masu tuƙi na amfani da ƙa'idar kashi goma sha biyu: a awa ta farko ruwa kan hau kashi 1 cikin 12 na dukan hawan, a ta biyu 2, a ta uku 3, a ta huɗu 3, a ta biyar 2, a ta shida 1. A ce bambancin ranar mita 6 ne, kuma ruwa ya gama janyewa ƙarfe 9 na safe. Zuwa ƙarfe 10 rabin mita kawai ya hau, mutum ma ba zai lura ba. Tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe 1 na rana kuwa zai hau mita 3. Rukunin da ya sauka cin abinci a wannan tsakanin, ya bar kwale-kwalensa taku goma daga bakin ruwa a kan shimfiɗaɗɗen yashi, zai iya waiwayowa ya gan su suna lilo sun kama hanya. Ƙa'idar ba ta aiki a wuraren da cikarsu ba ta bin tsari, kamar Sawutamton a kudancin Ingila, mai cika biyu a jere.

Abin da ya fi hawan ruwa muhimmanci shi ne gudunsa a kwance. Rukuni na yau da kullum kan yi mil 3 na teku a awa, kuma mil ɗin teku mita 1,852 ne. Idan ruwa na gudun mil 2 a awa suna binsa, tafiyar mil 6 awa ɗaya da minti 12 ce. Idan suna fuskantarsa, awa 6 ce, kuma masu rauni a cikinsu ba za su kai ba. Don haka tsarin da aka fi so shi ne a fita da ruwa, a huta lokacin da ya kwanta, a dawo bayan ya juya. Kwanciyar ruwa ba lallai ta zo daidai da cikarsa ba. A wasu mashigai akwai tazarar awa biyu ko uku, sai an duba taswirar gudun ruwa ta wurin.

A kan duwatsun da suka shiga teku, da matsatsun mashigai tsakanin tsibirai, gudun kan ninka. Mashigin Koribirekan da ke tsakanin tsibiran Jura da Sikaba a Sikotilan, da Saltisitaraumen kusa da garin Bodo na Nowe, su ne misalan da aka fi ambata. Idan iska ta fuskanci gudun ruwa, igiyoyin kan gajarce su miƙe tsaye, har wurin da yake lumui da safe ya gagara da la'asar, alhali iskar ba ta ƙaru ba.

Wurin shiga ruwa

Ana zaɓen wurin shiga ne da tunanin fitowa. Gaɓar da take da kyau ruwa a cike tana iya zama ɗaruruwan mitoci na laka bayan awa shida, inda ƙafa ke nutsewa har gwiwa ga kwale-kwale mai kilo 25 ko fiye a kafaɗa. Akwai kuma akasin haka, gaɓar yashi da ruwa ke cinyewa har gindin dutse, ba inda za a sauka. Jagoran kirki yakan je ya ga wurin da idonsa lokacin da ruwa ya janye.

Gangaren siminti na jiragen ruwa na sauƙaƙa ɗauka, amma ƙasansa kan yi gansakuka mai santsi, kuma na kowa ne, ba a tare shi. Rukuni kan shirya kaya a gefe, ya shiga da sauri. Inda igiyoyi ke fashewa a gaɓa, ɗaya bayan ɗaya ake fita: ƙwararre ya fara wucewa ya jira a bayan igiyoyin, wani ƙwararren ya tsaya a baki yana tura sauran, shi ne na ƙarshe. Wajen dawowa ma ƙwararre ke fara sauka, ya riƙa ba da alama da filafili.

Ana kuma sa alama a taswira kan kowane wurin da za a iya fita idan tafiya ta ɓaci. Gaɓar da ta yi mil da yawa tana tsayayyen dutse, ba ta dace da sababbin shiga ba, komai kyawun rana.

Iska

Wajen auna ƙarfin iska, ma'aunin Bofot na 1805 ake bi. Ga sababbin shiga, mataki na 3, wato iska mai sauƙi, shi ne iyakar da aka saba sawa. Iskar da ke kaɗawa daga tudu zuwa teku ita ce mai yaudara, domin bakin ruwa kan kwanta luf, alhali tana tura mutum waje inda igiyoyi suka fi girma.

Rukunin kansa

Saurin rukuni shi ne saurin wanda ya fi kowa jinkiri, kuma da shi ake lissafi. Akan sa ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a ƙidaya kawuna a kowane zango. Ana yarjejeniya kan alamun filafili da usur tun a tudu, domin iska kan cinye murya. Kayan da ba a bari su ne rigar ceto, da zanen rufe bakin kwale-kwale, da igiyar ja, da famfon kwashe ruwa, da kamfas, da filafilin ko-ta-kwana, da rediyon teku wanda tasha ta 16 a cikinsa ta neman agaji ce. Tufafi na bin sanyin ruwa ne, domin faɗawa ruwa mai sanyi na sarƙe numfashi tun a mintin farko. Ana barin bayanin tafiya a hannun wani a tudu, da sa'ar da zai kira masu ceto in bai ji labari ba.

Yawan mutanen da jagora ɗaya zai riƙe ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. 

Hatsarin Laim

A ranar 22 ga Maris 1993, ɗalibai takwas da malaminsu da masu koyarwa biyu suka tashi daga Laim Rijis a kudancin Ingila, da niyyar bin gaɓa zuwa Camut, tafiyar da ba ta da nisa. Iska daga tudu ta kora su cikin teku, rukunin ya rabu, kwale-kwalen suka cika da ruwa ɗaya bayan ɗaya. An yi jinkirin sanar da masu ceto, yaran suka shafe sa'o'i cikin ruwan sanyi. Huɗu daga cikinsu suka rasu. An ɗaure shugaban kamfanin da ya shirya fitar, kuma a 1995 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta wajabta lasisi ga cibiyoyin da ke kai 'yan ƙasa da shekara 18 irin waɗannan wasanni don kuɗi.