Tabar Ɗumamawa

Tabar ɗumamawa nau'in taba ce da ake gasa ganyenta a cikin wata 'yar na'ura mai batir, ba tare da an kunna mata wuta ba. Ana cusa ɗan gajeren kara na niƙaƙƙiyar taba a bakin na'urar, ita kuma ta ɗumama shi zuwa kusan digiri 350 a ma'aunin Salshiyos, sai ya fitar da tururi mai nikotin da mashayi yake zuƙa. Zafin karan sigari da aka saba kan wuce digiri 600. Tabar ɗumamawa ta sha bamban da sigarin lantarki, wanda ruwa mai nikotin yake ɗumamawa, babu ganyen taba a cikinsa.

Tarihi

Abin ya samo asali ne a Amurka, lokacin da shaidar alaƙar sigari da kansar huhu ta fi ƙarfin musu, kamfanoni kuma suka shiga neman tabar da za ta kwantar wa mashaya hankali. A 1988 kamfanin R.J. Reynolds ya fito da Premier. A ido kamar karan sigari yake, amma a bakinsa akwai ɗan gawayi da ake kunnawa, zafinsa ne ke ratsa tabar da ke ciki. An gwada shi a jihohin Arizona da Missouri, mashaya suka yi ta kuka: kunnawa da wuya, zuƙa sai an sa ƙarfi, ga wari da ɗanɗano marasa daɗi. A farkon 1989 aka janye shi, bayan an ce kamfanin ya narka sama da dala miliyan 300. Bai haƙura ba, ya dawo da wani makamancinsa mai suna Eclipse wajajen tsakiyar shekarun 1990.

Kamfanin Philip Morris ya bi sahu a 1998 da Accord, wadda ke aiki da batir. Ita ma ba ta yi kasuwa ba.

Sai a ƙarshen 2014 al'amarin ya kankama, da Philip Morris International ya ƙaddamar da na'urarsa mai suna IQOS a Nagoya ta Japan da Milan ta Italiya. A Japan ne ta fi karɓuwa, kuma da dalili: dokar ƙasar ta ɗauki ruwan nikotin a matsayin magani, don haka sigarin lantarki mai nikotin bai samu shiga shaguna ba, fili ya zama na tabar ɗumamawa ita kaɗai. British American Tobacco ya fito da tasa mai suna glo a birnin Sendai a 2016, Japan Tobacco yana da Ploom, KT&G na Koriya ta Kudu kuma ya kawo tasa mai suna lil a 2017. Abin lura shi ne duk manyan masu wannan sana'a su ne dai masu sayar da sigari, kuma ba su daina sayar da shi ba.

Lafiya

Kamfanonin suna cewa tururin ya fi hayaƙin sigari ƙarancin sinadarai masu guba, sai dai yawancin binciken farko su suka biya kuɗinsa. A 2017 masu bincike a Suwizalan sun gano iskar kabon monoksaid da wasu sinadarai masu jawo kansa a tururin IQOS. Nikotin ɗin da ke kama mutum ya kasa bari yana nan. Illar tabar ɗumamawa ta dogon lokaci har yanzu ana gardama a kai.

Doka

A taron 2018 a Geneva, ƙasashen da suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaƙi da taba sun amince cewa wannan ma taba ce, dokokin taba sun hau kanta. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba IQOS izinin sayarwa a 2019. A 2020 ta yarda a tallata ta da cewa tana rage yawan gubar da ake shaƙa, amma ta ƙi yarda a ce tana rage haɗarin cuta. Indiya ta haramta ta a 2019, Tarayyar Turai kuma ta hana masu ƙamshin 'ya'yan itatuwa da na'a-na'a daga 2023.