Bincike kan manhajar horar da ma'aikatan lafiya: amsoshin tambayoyin da na gaji da ji

Da zarar lokacin zaɓen batun bincike ya zo, ƙofar ofishina sai ta koma tashar mota. Tambayoyin kuwa na bara ne, su ne kuma na bara waccan. Mafi yawan masu zuwa malaman makarantun jinya da ungozoma ne da na kimiyyar lafiya da suka dawo yin digiri na biyu, sai 'yan tsirarun malaman sakandare. Wanda zai ƙwanƙwasa min ƙofa ya fara karanta wannan.

Malam, manhaja ba ita ce jerin darussan da ake raba mana a farkon zango ba?

A'a. Wannan jerin darussa ne kawai. Manhaja ta haɗa da abin da ake so ɗalibi ya iya, hanyar da za a koya masa, yadda za a jera koyarwar, da yadda za a gane ya iya ɗin. Ralph Tyler, wani Ba'amurke, ya tsara wannan cikin tambayoyi huɗu tun 1949. Littafin nasa ba shi da kauri, a je a karanta.

Zan iya raba takardar tambayoyi in ji ra'ayin ɗalibai kan manhajarmu?

Za ka iya, kamar yadda ɗaruruwa suka yi kafin kai. Kundayensu na nan jibge a ɗakin karatu, ƙura ta rufe su, kuma duk abu ɗaya suka gano: ɗalibai sun gamsu, amma kayan aiki sun yi kaɗan. Wannan ai mai gadi ma ya sani.

Na taɓa leƙawa ta taga na ga yadda ake cike irin waɗannan takardu. Ɗalibi ɗaya ne zaune a gindin darbejiya, takardu kusan goma a cinyarsa, abokansa sun bar masa sun tafi cin abinci, shi kuma yana ta zuba alama a layin "na yarda" da biro ɗaya. Bayan wata biyu waɗannan alamomin suka fito a babi na huɗu da kaso cikin ɗari, har da ɗigo biyu bayan lamba.

Donald Kirkpatrick ya kasa auna horo hawa huɗu tun 1959: ko mahalarta sun ji daɗi, ko sun koyi wani abu, ko aikinsu ya sauya, ko an ga amfanin a ƙarshe. Takardar ra'ayi a hawan farko take tsayawa. Idan nan za ka tsaya, rubuta hakan a kan kundin, kada ka sa masa suna "tasirin manhaja".

Wa ke rubuta manhaja a Najeriya?

Wannan ma sai an tambaya? Firamare da sakandare, hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, NERDC. Jami'o'i, hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, wadda ta fito da sabon tsarin manhaja mai suna CCMAS a Disambar 2022 a madadin tsohon, BMAS: kashi 70 daga hukumar, kashi 30 kowace jami'a ta tsara nata. Likitoci da likitocin haƙori suna kuma ƙarƙashin majalisarsu, MDCN, malaman jinya da ungozoma suna da majalisarsu, ma'aikatan lafiyar al'umma suna da hukumar rajistarsu. Takardun ND da HND kuwa na hukumar ilimin fasaha ne, NBTE, da ke Kaduna. Kashi 30 ɗin nan na jami'o'i gona ce da ba a nome ba. Me jami'o'i suka zuba a ciki, wa ya zaɓa, da wace hujja? Ga batu a ƙasa, kowa na tsallake shi.

Wane tsari zan ɗauka, na Tyler, na Hilda Taba ko na Kern?

Wanda za ka yi aiki da shi. Idan kwas za ka gina wa ma'aikatan lafiya, matakai shida na David Kern da abokan aikinsa na jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, waɗanda suka fito a 1998, sun fi sauƙin bi: gano matsala, gano buƙatar waɗanda za a koyar, manufofi, dabarun koyarwa, aiwatarwa, sai aunawa. Abin da ba na so shi ne a jera min sunaye biyar a babi na biyu kamar kwanukan jeren amarya, sannan babu ko ɗaya da ya sake fitowa har ƙarshen kundi.

Makarantarmu ta koma sabuwar manhaja. Ta yaya zan gwada ko ta fi tsohuwar?

To, wannan ita ce tambaya, kuma amsarta ba ta miƙe ba. Ya danganta da abubuwa da dama, wasu ma ba a hannunki suke ba. Na ce "ki" domin wadda ta fi damuna da ita wata malamar ungozoma ce.

Fara da kalmar "fi". Ta fi ta wace fuska? George Miller ya zana wata dala a 1990, irin dalar gyaɗa, mai hawa huɗu. A ƙasa ɗalibi ya sani, sama da nan ya san yadda ake yi, sai ya nuna ya iya, a ƙoli kuma yana yi a bakin aiki ba tare da kowa na tsaye a kansa ba. Jarrabawar takarda hawa biyu na ƙasa take iya kaiwa. Jarrabawar tasha-tasha, OSCE, wadda ɗalibai ke kira oski, da Ronald Harden ya bayyana daga Dundee ta Scotland a 1975, tana kaiwa hawa na uku. Na huɗu sai kin bi ɗalibar har asibitin da aka tura ta. Idan sabuwar manhaja ta yi alkawarin ƙwarewar hannu, ke kuma kika auna ta da makin rubutu, kin auna gero da ma'aunin mai.

Hanyar da kowa ke fara tunani ita ce a kwatanta 'yan ajin da suka gama a tsohuwar da waɗanda suka gama a sabuwar. Ba haramun ba ne, amma a yi hattara. Wataƙila sharuɗan ɗaukar ɗalibai sun sauya a tsakani. Wataƙila malamin da ya fi kowa iya koyar da aikin karɓar haihuwa ya yi ritaya a shekarar. Sau da yawa ita kanta jarrabawar an sauya ta tare da manhajar, kin ga ma'auni biyu ke nan. Sannan ki duba kalanda: an rufe makarantu a Maris 2020 saboda korona, jami'o'in gwamnati kuma sun yi wata takwas a rufe a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, lokacin yajin aikin ASUU. Idan ɗaya daga cikin azuzuwanki ya faɗa cikin waɗannan, mai yiwuwa zaman gida kike aunawa.

Abin da ya ɗan fi dama shi ne ki nemi jarrabawar da ba makarantarku ke shiryawa ba, kamar ta majalisar jinya da ungozoma, tunda kowa ita yake zaunawa. Ko ita ma ki bincika ko an sauya mata fasali a shekarun. Kuma "ya ci" da "ya faɗi" ba su isa ba, ainihin maki ake so, idan za a ba ki. Kada ki tsaya a aji ɗaya kafin sauyi da ɗaya bayansa. Ɗauki uku ko huɗu ta kowane ɓangare, in akwai, don ki ga ko dama can sakamakon yana hawa ne da kansa.

Kafin duk wannan akwai tambayar da ake jin nauyin yi: an ma aiwatar da sabuwar kuwa? Na sha ganin an sauya bangon takardar manhaja, malami kuma yana nan da tsohuwar takardar da yake karanta wa ɗalibai tun shekaru goma. Karɓi littafin da ɗalibai ke kaiwa a sa musu hannu idan sun yi aiki a asibiti. Wani da na buɗe, aiki ashirin ne a jere, daga sa robar fitsari har ɗinkin rauni, duk an sa hannu rana ɗaya, Juma'ar ƙarshe kafin jarrabawa. Idan haka kika tarar, bincikenki ya riga ya samu abin faɗa, ko da ba shi kika fita nema ba.

Wasu kan ce a raba aji biyu da ƙuri'a, rabi sabuwar hanya, rabi tsohuwa. A takarda wannan ya fi ƙarfi. A aikace ɗakin kwanansu ɗaya, zaurensu na WhatsApp ɗaya, kafin magariba abin da kika koya wa waɗannan ya isa wurin waɗancan. Akwai kuma batun adalci, musamman idan makin zai shiga sakamakonsu. Ana iya sassautawa a ce rabi na biyu su ma za su samu bayan an gama aunawa. Tunda ke ce malamarsu, ba za su iya ce miki a'a ba, don haka wani ya karɓi amincewarsu, ya riƙe sunayen, ke lambobi kawai za ki gani. Takardar kwamitin ɗa'ar bincike kuma kafin a fara ake karɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan shekara ɗaya gare ki, shawarata ki rage buri. Ɗauki ƙwarewa guda, misali auna hawan jinin mai ciki da gane alamun jijjiga. Tsara jerin abin da za a duba, ki samu masu dubawa biyu da ba su san wace ɗaliba ce daga wane aji ba. Idan kika ƙare ba ki ga bambanci ba, kada hankalinki ya tashi. Sakamako ne, ki rubuta shi yadda yake, ba wanda zai kayar da ke a kansa matuƙar hanyar ta yi kyau.

Dole ne in fara da tarihin Flexner?

Layi uku sun isa. Abraham Flexner ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada, rahotonsa ya fito a 1910, daga nan tsarin kimiyya tukuna sannan asibiti ya kafu. Shi ke nan. Shafi takwas a kansa cika takarda ne.

Me zai hana mu kwafo koyarwa ta hanyar warware matsala, irin ta McMaster?

Jami'ar McMaster ta Kanada ta fara a 1969 da ƙananan rukunoni, kowanne da malami mai ja-gora da ɗakin karatu a buɗe. Kai ɗalibai nawa ne a ajinka, malamai nawa? Yi lissafin ka dawo. Kuma ba komai ne sai an haye teku ba. Jami'ar Ibadan ta fara kai ɗaliban likitanci Igbo-Ora a yankin Ibarapa tun 1963, ta Ilorin kuma ta yi suna da shirinta na COBES, inda ɗalibai ke zama cikin ƙauyuka. Su ma suna da abin koya.

Me ya sa kullum kake cewa mu je asibiti mu zauna mu yi kallo?

Domin akwai manhajar da ba a rubuta ba, wadda Philip Jackson ya kira ɓoyayyiya a 1968. A aji an ce a gaida marar lafiya, a nemi izininsa, a ja labule. A ɗakin marasa lafiya ɗalibi ya ga babba ya daka wa tsohuwa tsawa, ba wanda ya ce uffan. Wanne kake jin zai ɗauka?

Ga kuma harshe. Da Turanci ake koyarwa, da Turanci ake jarrabawa, amma wadda ke kan gado Hausa take ji, ko Fulatanci, ko Barbarci. Na tsaya bayan wani ɗalibi mai ƙoƙari yana so ya gaya wa wata dattijuwa cewa maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. Ya yi ta kame-kame, ƙarshe ya ce, "Baba, ki dai riƙa sha." Ta ce to. Jikarta ce ta tambaya ko idan wannan kwalin ya ƙare an gama. A wace takardar manhaja aka ware awa ɗaya don wannan? Je ka zauna da littafinka mako biyu, ka rubuta abin da ka gani da abin da ka ji, da izini.

Ni malamin sakandare ne, ko wannan duk bai shafe ni ba?

Ya shafe ka, kwantar da hankalinka. Cire asibiti ka sa ɗakin gwaje-gwaje, cire majalisar jinya ka sa WAEC ko NECO. Sauran duk ɗaya ne.

Malam, shafi nawa ake so?

Tambayi ofishin karatun gaba da digiri, suna da takarda a kai. Ni ranar Talata nake duba babi na uku, kuma a zo da shi a buge.