Ilimin mata da tattalin arziki a Jihar Kebbi

Ilimin mata yana cikin ma'aunan da masana tattalin arziki ke duba ci gaban ƙasa mai tasowa da su. A Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, batun ya haɗa karatun allo, Islamiyya da boko, da tasirinsu kan sana'o'in mata.

Tarihi

Karatun mata a wannan yanki ya girmi boko nesa ba kusa ba. A littafinsa Nurul Albab, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, ana jin tsakanin 1830 da 1840. Takan naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji kan jagoranci matan ƙauyensu zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin addini da Hausa ko Fulatanci, su koma gida su koyar. Gwandu, inda baffanta Abdullahi ya zauna, ita ma cibiyar malanta ce a lokacin.

Turawa sun buɗe makarantun mata na farko a Kano da Katsina a 1930, ta Birnin Kebbi ta biyo baya cikin 'yan shekaru. Yawancin ɗaliban 'ya'yan sarakuna ne da na ma'aikatan En'e, kuma ɗinki, tsafta da reno aka fi koya musu. Shirin UPE na 1976, wato ilimin firamare kyauta ga kowa, ya ƙara buɗe ƙofa ga 'ya'yan talakawa.

Sana'a da kuɗin shiga

Shinkafar fadamun Argungu da Suru takan bi ta hannun mata kafin ta kai kasuwa: su ke turarawa, su shanya, a kai inji, sannan a auna da kwano. Haka man gyaɗa da ƙuliƙuli. Matar da ta iya karatu da lissafi kan rubuta bashinta da kanta, ta riƙe littafin adashe, ta karanta saƙon banki a wayarta ba sai ta kira yaro ba. Riba ce ƙarama, amma a gida take tsayawa, wajen cefane, magani da kuɗin makaranta.

Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa rashin kammala karatun shekara 12 ga 'yan mata yana jawo wa duniya asarar dala tiriliyan 15 zuwa 30.

Talla

Nan ne gizo ke saƙa. Uwar da ba ta fita, 'yarta ce ƙafarta a kasuwa, kuma da cinikin tallar ake tara kayan ɗaki. Tura yarinyar makaranta asara ce ta yau da uwa ke gani da idonta, ribar kuwa sai bayan shekaru. Shirin AGILE na Bankin Duniya don ilimin 'yan mata, wanda aka amince da shi a 2020 da Kebbi cikin jihohi bakwai na farko, ya haɗa da bai wa iyaye tallafin kuɗi.



Tsaro

A Yunin 2021 'yan bindiga sun sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, wasu 'yan matan sun kusa shekara biyu a hannunsu.