Waiwaye: Ciwon zuciyar Zamfara ya girmi ƙarar bindiga

Muhawarar da ake yi kan lafiyar ƙwaƙwalwar matasa da mata a Zamfara ta rabu gida-gida. Wasu sun ce ƙwaya ce ta gama da yara, wasu sun ce firgicin 'yan bindiga ne, wasu kuma sun ɗora wa wayar hannu da sakacin tarbiyya. A rediyo da Facebook da majalisun bakin titi a Gusau, ana maganar kamar jiya abin ya faɗo daga sama. Kowa na da tasa gaskiyar, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma akwai wata shekara da kusan kowa ke tsallakewa idan an zo lissafi.

Tsohon tarihin sananne ne. Turawan mulkin mallaka sun kafa dokar masu taɓin hankali a 1916, aka sabunta ta a 1958, kuma tsare mutum ta fi sa gaba a kan warkar da shi. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fito da wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majiyyaci ke zama a ƙauye tare da danginsa yana karɓar magani. A 1991 ƙasa ta amince a sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci. Da aka ƙirƙiro Zamfara daga Sakkwato a 1996, babban asibitin ƙwaƙwalwa na yankin yana Kware, tafiyar sama da kilomita 200 daga Gusau. Saboda haka gida ya ci gaba da abin da ya gada: tofi, rubutu, hayaƙi, ruƙiyya, idan abu ya gagara kuma a kai ga gidan mari.

Na baya-bayan nan ma ba sai an tsaya ba. Satar shanu ta rikiɗe ta zama kisa da garkuwa da mutane. An yi kisan 'Yar Galadima a 2014. An haramta maganin tari mai kodin a 2018. An sace 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki, sannan a Satumbar wannan shekarar aka katse layukan waya a jihar. Waɗannan kowa ya haddace su.

Shekarar da ake tsallakewa ita ce 2010.

A lokacin farashin zinare ya yi tashin gwauron zabo a duniya, noma kuma ba ya ciyar da gida shekara. Maza a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke, 'Yargalma da Bagega, suka riƙa haƙo dutsen zinare suna kawo shi cikin gida a buhuna. Aikin ya shiga tsakar gida, inda mata suke. A farfasa dutsen, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙan hatsi, a wanke, a shanya. Ƙura ta kwanta a kan tabarma da ƙwaryar gari da bakin randa. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, kamar yadda kowane yaro ke yi tun da aka halicci duniya. Babu wanda ya san dutsen cike yake da dalma.

Sai yara suka fara amai da jijjiga, suna suma, suna mutuwa. Da farko an zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta lura cewa mace-macen sun wuce misali, gwajin jini kuma ya nuna gubar dalma ce. Masu binciken da suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu sun ƙirga yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, suka tarar 118 sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin waɗanda aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 na buƙatar maganin gaggawa. Jimillar yaran da suka rasu a yankin ta haura 400.

An yi aiki, kuma aikin ceto ne na gaske. An buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum, an ba dubban yara maganin da ke janye dalma daga jini, an kankare ƙasar tsakar gidaje an zuba sabuwa, Bagega ta samu nata a 2013. Allah ya saka wa duk wanda ya sa hannu. Sai dai a duba irin lissafin da aka riƙa bayarwa: yara nawa suka mutu, nawa aka yi wa magani, gida nawa aka kwashe wa ƙasa. Uwar da ta binne 'ya'ya biyu ko uku a ɗan tsakanin nan ba ta da gurbi a lissafin.

Kuma ita ce ta fi kowa ɗaukar kaya. Binciken ya nuna cewa yaron da uwarsa ke aikin dutsen ya fi shiga haɗari. Wayar da kai ya zama dole, amma a tsaya a yi tunanin abin da wannan bayani ke nufi a kunnen mace: ƙurar da kika tayar da taɓaryarki, don a samu na cefane, ita ta tafi da ɗanki. Ta ji wannan, ta koma ɗaki. 'Yan gaisuwa suka shigo, "Ya haƙuri?" ta ce "Da godiya." Al'ada ta hana ta kuka a fili, balle idan ɗan fari ne, wanda ko sunansa kunya ba ta bari ta faɗa. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa a jere, a ƙasar Hausa wabi ake cewa tana yi, har wata rana dangin miji su fara kallonta da wani ido. Haƙuri ibada ne, babu musu. Amma Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Mu ne muka haɗa haƙuri da yin gum muka mai da su abu ɗaya, kuma mata muka fi ɗora wa.

Baƙin cikin da aka danne yakan fito ta jiki. Mace ta ce kanta na sarawa, gabanta na faɗuwa, barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya shiga. A aika yaro kemis ya sayo Panadol. Idan ta fara zama shiru ko tana magana ita kaɗai, a ce iska ce ta taɓa ta. Ciwon damuwa yana da magani, da shawara da ƙwaya, amma sai an gane shi tukuna.

Sai yaran da suka rayu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa mai tasowa ba ta cika gyaruwa ba. Waɗanda abin ya yi wa tsanani sun tashi da makanta, kurumta, shanyewar gaɓɓai ko farfaɗiya, kowa na ganinsu. Mafi yawa kuwa ba a ganin komai a jikinsu. Sai dai yaro ya kasa riƙe karatun allo, a biya masa yau gobe ya zube, hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya, zuciyarsa kusa take. Malam ya ce daƙiƙi ne, uba ya ce taurin kai ne, bulala ta hau. Wanda ya sha wannan shekara da shekaru, da wuya ya tashi yana ganin kansa da daraja. Ban ce duk matashin da ya faɗa wa tiramol ko ya shiga daji dalma ce ta kai shi ba, kuma zalunci ne a yi wa 'ya'yan waɗannan ƙauyuka wannan tambarin. Abin da nake cewa shi ne, yaran da suka yi rarrafe a ƙurar nan su ne samari da 'yan matan yau, su muke ta muhawara a kansu ba tare da tambayar ta inda suka biyo ba.

Bindiga kuma da ta zo, a kan waɗannan garuruwan ta sauka. Uwar da ta binne 'ya'ya a 2010, ita ce daga baya ta kwana a daji da goyo, ita ta yi gudun hijira zuwa cikin garin Anka, wataƙila ita ta sayar da abin hannunta don fansar miji. Sabon rauni ya hau kan wanda ba a taɓa dubawa ba. Salon agajin ma bai sauya sosai ba: a ceci jiki, a ba da hatsi da tabarma, sauran a bar wa haƙuri. Talaucin da ya shigo da dutse tsakar gida shi ne dai yake hana kuɗin motar zuwa Kware.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba majiyyaci haƙƙin a mutunta shi, kada a nuna masa wariya. Ci gaba ne babba. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200, akasarinsu kuma a manyan birane suke. Matar Bagega ba za ta gan su ba. Wanda za ta gani shi ne malamin asibitin ƙauye, ungozoma, malamin ruƙiyya da ma'aikaciyar awo. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da tsarin koya wa ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba yadda za su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da shaye-shaye, su yi maganin abin da za su iya, su tura sauran gaba. Nan ya kamata ƙarfi ya tafi.

Ɗakin awo ya fi ko'ina gaggawa. Dalma takan ɓuya a ƙashi shekaru masu yawa, idan mace ta samu ciki sai ta sake fitowa cikin jini ta isa ga ɗan da ke ciki. 'Yan matan da aka yi wa magani suna goye a Anka da Bukkuyum sun kai aure, wasu sun riga sun haihu. Ana auna musu nauyi da hawan jini. Ya kamata a ƙara da gwajin dalma ga wadda ta fito daga waɗannan ƙauyuka, a kuma tambaye ta, da ita da uwar da ta rako ta, ko suna samun barci.