Lambun gida mai jure ƙishirwa: tambayoyi da amsoshi

Mene ne wannan tsarin shuka?

Tsari ne na ƙawata farfajiyar gida da tsirran da suka saba da ƙarancin ruwa, ta yadda ba sai an wuni ana jan tiyo ba. Hukumar ruwa ta birnin Denba, a jihar Kolorado ta Amurka, ita ta raɗa masa suna "zeriskef" a 1981, daga kalmar Girkanci mai nufin busasshe. Hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan da gidaje ke amfani da shi a waje yake ƙarewa, yawanci wajen bayin shuke-shuke, kuma har rabin wannan yana iya salwanta a iska, zafin rana ko malala. Ciyawar ado ce ta fi kowa ci.

Ta yaya tsiro yake jure fari?

Kowanne da dabararsa. Alobera da kaktus (tsiron hamada mai ƙaya) suna ajiye ruwa a cikin nama mai kauri, kuma ba sa buɗe ƙofofin numfashinsu sai dare ya yi, lokacin da iska ta yi sanyi. Da rana a rufe suke ruf. Ka yanka ganyen alobera ka ga yauƙin da ke ciki, wannan ita ce randarsa. Jema kuwa saiwarta takan nutse mita biyu zuwa uku, ta nemo damshin da sauran ba sa kaiwa. Lalle yana yin shinge mai kyau, bugenbiliya kuma, wata shukar ado mai hawa bango, ta fi fidda fure idan ba a cika mata ruwa ba.

Ke nan ba a ba su ruwa sam?

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, kuma abin yana ba ni takaici, domin dashe mai kyau yakan mutu a banza. Sabon dashe jariri ne. Saiwarsa ba ta wuce ƙasar da ya zo da ita ba, don haka yana buƙatar bayi a kai a kai a shekarar farko, itatuwa ma har shekara biyu. Sai ya kafu ne juriyar take zuwa.

Bayan nan sai a juya: a ba shi ruwa sosai har ya ratsa ƙasa, sannan a ƙyale shi kwanaki. Yayyafin kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, ranar da aka fasa kuwa sai tsiron ya langaɓe. Kafin ka kunna famfo, cusa yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu. In ka ji sanyi da damshi, bari sai gobe. Yawan ruwa yana ruɓar da saiwar alobera, ganyen ya yi laushi, ya koma ruwan ɗorawa daga gindi.

Wane lokaci ya fi dacewa da bayi?

Da sassafe, kafin rana ta ɗaga. Tiyo mai ɗiga a gindin tsiro ya fi mai feshi tattali. A kuma haɗa masu son ruwa wuri guda, masu jure ƙishi wani wurin.

Tsakuwa za a shimfiɗa ko ɓawon itace?

Rufe ƙasa da kaurin santimita 5 zuwa 8 yana riƙe damshi, yana kuma hana ciyawa tsirowa. Ni na fi son ɓawo da busasshen ganye, domin suna ruɓewa su zama taki. Tsakuwa tana daɗewa, amma tana ɗaukar zafi ta mayar wa bango da dare. Ko wanne aka zaɓa, kada ya taɓa kututturen tsiron.

Akwai abin yin hattara?

Akwai. Ruwan jikin furen ƙariya guba ne, haka ma na oliyanda, wani itacen ado mai fure, kaktus kuma ƙaya gare shi. A gidan da ke da yara ƙanana ko dabbobi, a dasa su nesa da hanyar wucewa da wurin wasa.