Yadda ikkilisiyar Baftis ke kafuwa ta girma a Arewa: tambayoyi da amsoshi

Daga ina Baftis ta shigo Arewa?

Daga ƙasar Yarabawa. Thomas Bowen, ɗan mishan daga Amurka, ya sauka Najeriya a 1850, aikin ya yi saiwa a Ogbomoso. A 1914 ikkilisiyoyin suka haɗu a Ibadan suka kafa ƙungiya, wadda a 1919 ta koma Nigerian Baptist Convention. Amma ba Turawa ne suka fara kawo ta Arewa ba. Fatake da ma'aikatan jirgin ƙasa Yarabawa ne suka riƙa yin sujada da yarensu a Kaduna, Zariya, Jos da Minna. Shi ya sa a garuruwa da yawa wadda ake kira First Baptist asalinta ta Yarabawa ce, masu sujada da Hausa kuwa sai ka ji sunaye irin su Alheri, Nasara ko Albarka. Makarantar fastoci da aka buɗe a Kawo, Kaduna, a 1948 ta taimaka ƙwarai wajen samar da masu wa'azi da Hausa.

Yaya sabuwar ikkilisiya take farawa?

Da wurin wa'azi. 'Yan iyalai kaɗan da majami'a ta yi wa nisa sukan fara taruwa a zauren wani ko ajin makaranta, benci biyu da ganga ɗaya. Uwar ikkilisiya ce ke turo mai wa'azi, ita ke riƙe sunayensu, fastonta ne ke yi musu baftisma ta nutsarwa da ba da Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. In baiko da zakka suka kai su riƙe fasto, sai su nemi 'yancin kai. Tarayyar ikkilisiyoyin yankin ta duba su, a yi bikin kafuwa, su zaɓi magatakarda da ma'aji, daga baya a naɗa dikinoni, wato masu taimaka wa fasto da hidima.

Wa ke da iko a kanta?

Membobinta. Babu bishop. Taron ikkilisiya ne ke kiran fasto, shi ke amincewa da kasafin kuɗi ta hanyar ƙuri'a. Ikkilisiyar takan aika wani kaso na kuɗin shigarta zuwa tarayyar yankin da babban taron ikkilisiyoyin Baftis don aikin bishara da makarantu.

Me ya fi kawo cikas?

Fili ne kan gaba. Dattijo ya ba da kyauta da baki, ba takarda ba shaidu, bayan ransa magada su taso. Sai gini fiye da ƙarfi: a zuba harsashin majami'ar mutum 1,000 alhali membobi ba su kai 100 ba, ginin ya tsaya a linta, albashin fasto ya maƙale. Harshe ma kan raba kai, matasa na son Turanci, iyaye na son Hausa, galibi sai a raba sujada gida biyu, ta safe da ta hantsi.

In ana son rubuta tarihinta fa?

A fara da littafin baftisma da na rahoton taruka, in gara ba ta riga ku ba. Sannan a zauna da tsofaffin Zumuntar Mata, su suka san wanda ya ɗebo ruwan da aka kwaɓa tubalin farko.