An ce makarantar gwamnati kyauta ce, to me ya sa iyaye ke kuka?

Ba an yafe kuɗin makaranta ba?

A takarda an yafe. Tun 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta rubuta a sashe na 26 na kundin haƙƙin ɗan Adam cewa karatun firamare kyauta ne kuma dole ne, yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta sake jaddada haka. Sai dai abin da ake yafewa shi ne kuɗin zama a aji. Kayan makaranta, takalmi, littafin rubutu, kuɗin jarrabawa, kuɗin mota, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, duk suna wuyan uwa da uba. Kowannensu bai taka kara ya karya ba, amma sukan taru su faɗo lokaci guda a farkon zango, kuma mai 'ya'ya huɗu sau huɗu zai biya.

Da gaske ɗan kuɗi irin wannan na hana yaro karatu?

Ƙwarai kuwa. Da Malawi ta soke kuɗin firamare a 1994, yara sama da miliyan ɗaya suka ƙaru a makarantu. Yuganda ta ga irin wannan tururuwar a 1997, Kenya ma a 2003. Yaran nan ba daga sama suka faɗo ba, suna gida ne, kuɗi ya tsare su.

Amma wasanni da ziyarar ilimi ai ba dole ba ne?

Nan ne abin ya fi damuna. Malama ta raba takardar tafiya gidan tarihi, ta ce kowa ya kai wa iyayensa. Wata yarinya ta ninke tata ta cusa a ƙasan jaka, ba ta ma nuna a gida ba, don ta san halin da ake ciki. Aka tambaye ta, ta ce ita ba ta sha'awa. Ranar tafiya ta zauna a ajin da ba kowa, washegari kuma aka ce kowa ya rubuta abin da ya gani. Me za ta rubuta? A filin ƙwallo da dandalin muhawara yaro ke gano baiwarsa, a nan yake yin abokai. Wanda kullum ake bari a baya, a hankali yakan ɗauka makarantar ba tasa ba ce.

To wace hanya ake bi a taimaka?

Makaranta na iya yafe wa marasa ƙarfi, ko ta bari a biya kaɗan-kaɗan. Ƙungiyar iyaye da tsofaffin ɗalibai na iya buɗe asusu, a kuma tara kayan makaranta da littattafan da wasu suka girme wa. Daga ɓangaren gwamnati, Meziko a 1997 da Brazil a 2003 sun ƙaddamar da manyan shirye-shiryen bai wa iyalai tallafin kuɗi bisa sharaɗin yara su riƙa zuwa makaranta.

Idan an samu kuɗin, ba shi ke nan ba?

Saura yadda za a bayar. Idan aka kira sunayen masu cin tallafi a taron safe, ko aka liƙa su a allon sanarwa, an ba yaro da hannun dama an ƙwace da na hagu. Da yawan iyaye gara su ci bashi da a tona musu asiri gaban maƙwabta. A naɗa mutum ɗaya mai riƙon amana ya riƙe sunayen, takardar neman taimako ta zama gajera, a kuma raba ta ga kowane yaro, don kada a gane wanda ya cike. Kada kuma a kori yaro gida kan bashin da ba shi ya ci ba.

Uwa ko uban da ya rasa yadda zai yi fa?

Ya je wurin shugaban makaranta tun kafin ranar biya, ya nemi ganinsa a keɓe. Ya tambaya wane kuɗi ne doka ta wajabta, wane ne na ganin dama, ko akwai yafiya ko asusun taimako. Duk abin da ya biya, ya karɓi rasit.